Yashin Kogi a Cikin Birki

Motar da maigidana yake ja a shekarun da nake ba da labarinsu ba tasa ba ce. Ta wata Hajiya ce mai fataucin atamfa. Bashe ce fara, irin mai buɗaɗɗen baya da ake rufewa da tamfal, tana jigilar mutane da kaya daga tashar Gaya zuwa kasuwannin Tanda da Bengu. Ni kuwa kifi nake soyawa a bakin tashar, saboda haka duk abin da ya sami motar nan a kan idona yake faruwa, ko in ce a cikin kunnena, domin wannan mota kuka take yi.

Da zarar ya taka birki sai ta saki wata siririyar ƙara mai shiga haƙori, kamar ana kankare gindin tukunya da cokali. Awaki su watse, mai barci a inuwar rumfa ya zabura yana salati. Ƴan kamasho, waɗanda ba su da aikin da ya wuce tsokana in ba lodi, suka laƙaba mata Mai Guɗa. Tun tana gangaren duwan, wajen ofishin kwastan, za ka ji suna cewa, “Ku ba da hanya, ga amarya nan tahe.” Ni da farko dariya nake yi, har amfani ƙarar take mini, don in na ji ta daga nesa sai in ware masa tsokar giwan ruwa kafin masu saye su wawushe.

Dariyar ba ta daɗe ba. Lokacin mulkin soja ne, na farkon nan, wanda ko hirar tsadar gero ake yi sai an rage murya an waiga. A bakin gari akwai shingen jandarmomi, kuma direba mai hankali babu abin da yake roƙo a wurin sai ya wuce ba a ɗaga kai an dube shi ba. To yaya za a yi ba a dube ka ba, alhali motarka tana shelar zuwanka tun kafin a hango ƙurarka? Wata rana babbansu ya taso daga kan bencinsa, ya zagaya motar a hankali hannu a baya, ya ce, “Shofar, in na sake jin wagga ƙara, motar ga furyar za ta kwana.” Furyar kuwa fili ne da suke tsare motoci, kuma mun sha ganin wadda ta shiga da ƙafarta har ciyawa ta tsiro ƙarƙashinta ba ta fito ba.

Labari ya riga maigidana isa wurin Hajiya. Ita ba ta da dogon zance. Ta ce ko kukan ya ɗauke, ko ya ajiye mata makullinta ta ba wani. Makullin nan shi ne tuwonmu. Kifina ba ya wuce kuɗin cefane, ga yara, ga kuma Baba.

Baba shi ne mahaifin maigidana. Basarke ne, cikin masuntan da aka haifa a bakin kogi aka yanke musu cibi a can. Dendi ne harshensa, Hausarsa ta kasuwa ce, gajeruwa, ba ya ɓarnar kalma. Ni ɗiyar fatake ce, ban iya ko iyo ba, amma tun ranar da aka kawo ni gidan yake ce mini “ɗiyata”, kuma bai taɓa ɗaga mini murya ba. Waɗanda suka san shi da ƙarfinsa suna cewa ba a taɓa ganinsa zaune a cikin jirgi ba, kullum a tsaye yake a ƙarshen jirgin da gorarsa, ko da kogi ya cika ya batse. Rabin masuntan mashigin unguwarmu a hannunsa suka koyi jefa tarun birgi.

Sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi. Hannun hagu da ƙafar hagu suka daina jin maganarsa. Jinyarsa ba ta ba mu wahala ba kamar shirunsa. Ya juya fuska ga bango, in na kai fura sai in dawo in tarar ƙuda ne kawai suka sha. Abokansa suna zuwa gaisuwa, ya ce a ce musu yana barci. Mutum ne da ya gwammace ya mutu da a gan shi ana ɗaga shi ana ajiyewa.

Dabarar da ta tashe shi maigidana ne ya yi ta, kuma har yau in na tuna sai in ji son mutumin nan ya ƙaru a raina. Duk direbobin tasha a bakin kogi suke wanke mota bayan sallar asuba, su tsaya a kan tudu su riƙa ɗebo ruwa da bokiti. Wata safiya sai ya jawo bashen da baya har ta toshe ƙofar zaure, yadda ba mai gani daga waje, ya ɗauko Baba ya zaunar da shi a kan tabarma a bayan motar, ya saki tamfal. Da suka isa mashigi bai tsaya a kan tudu ba. Ya juya ya shiga kogin da baya, a hankali, har ruwa ya rufe rabin tayoyin baya. Sannan ya sauke murfin bayan, ya gyara wa Baba zama a bakinsa, ƙafafunsa biyu suka sauka cikin ruwa.

Ranar da suka dawo Baba ya ce in kawo masa tuwo. Ya cinye, ya ce miyar ba gishiri. Ban taɓa jin daɗin an kushe mini miya ba sai ran nan.

Daga nan abin ya zama na kullum. Masunta su ratso ruwa su zo gefen motar su durƙusa su gaishe shi, shi kuwa yana zaune daram da hularsa, kamar wanda ya ga dama ne ya zauna. Da lafiyayyar ƙafar tasa yake jin kogin. Ya motsa yatsunsa ya ce ruwa ya fara sanyi, sabon ruwa na tafe daga sama, a ɗage taru daga wuri kaza. Su yi ta gardama da shi don su ja shi da magana, shi kuma ya zage su son ransa. Ba wanda ya taɓa ganin an ɗauke shi, don bai taɓa sauka daga motar ba. Hajiya ma har yabo take yi, tana cewa duk tasha babu motar da ake wankewa kamar tata.

Babu ɗayanmu da ya haɗa wannan da kukan birki. Makanikin farko da aka kai wa ya saurara ya ce ƙura ce, hanyar Tanda ce ta cika ta da jar ƙasa. Maigidana ya ce ashe abin mai sauƙi ne. Ɗan Sarkawa ne, a wurinsu babu abin da ruwan kogi ba ya wankewa, daga miki har baƙin ciki. Washegari sai ya ƙara zurfafawa, ya bar tayoyin suka jiƙa sosai. Kuma abin haushin, in ta fito a jiƙe sai ta yi tsit, ya zo tasha yana washe baki yana cewa ya gano maganinta. Kafin azahar ta bushe, guɗar ta dawo ta fi ta jiya. Shi kuma ya ce wankin ne bai isa ba.

Makaniki na biyu ya sauya garnitir, wato ƴan takalman nan da suke matse ƙarfen taya in an taka birki. Sababbin suka yi shiru na ƴan kwanaki, suka koyi waƙar tsofaffin. Na uku ya goge musu baki da zarto. Wani ɗan kamasho ya ba da shawarar a ɗiga musu man gyaɗa, Allah ya taimake mu maigidana bai saurare shi ba. Gwaggonsa ta zo daga ƙauye ta ji ƙarar da kunnenta, ta riƙe haɓa ta ce wannan ba aikin makaniki ba ne, ta kawo laya aka ɗaure a madubi. Layar ta yi ta lilo, motar tana guɗarta. Maigidana ya koma bin wata hanyar cikin gonakin rake don kauce wa shinge, fasinja suna mita, shi kuma yana ramewa.

A bayan tasha akwai wani dattijon makaniki, mutumin hayin kogi, wanda tsofaffi har lokacin suke ce wa ɗan Dahome. Ba a cika kai masa aiki ba saboda yana da nawa da yawan tambaya. Da dabara ta ƙare aka kai masa. Garejinsa yana kallon kaskona, don haka na bar wa maƙwabciyata suyar na matsa kusa.

Bai taɓa ko sifana ba sai da ya sa maigidana ya ja motar ya taka birki, ya sake ja ya sake takawa, shi yana tafe a gefe ya karkata kai. Ya ce gaban lafiyarsa lau, bayan ne ke kuka. Ya ɗaga ta, ya cire tayar baya, ya buga tambur, kwanon ƙarfen nan da birkin ke ciki, ya zare shi. Ya shafo cikinsa da yatsa ya murza, ya daɗe yana kallo.

“Wannan ba jar ƙasar hanya ba ce,” in ji shi. “Yashi ne, fari, mai laushi. Ina motar nan take zuwa kafin ta zo lodi?”

Maigidana ya ce wanki kawai.

“A tudu ko a ruwa?”

Maigidana ya sosa ƙeya. Dattijon ya sake sa yatsa a lungun ƙarfen ya zaƙulo wani abu ya ɗora a tafin hannunsa. Ƴar ƙaramar katantanwa ce, ba ta kai ƙwayar wake ba. Ƴan kamashon da suka taru suka fashe da dariya, wani ya ce a ƙara dubawa ko za a sami tarwaɗa. Dattijon bai yi dariya ba. Ya ciro wata ƴar waya mai murɗi da ke riƙe da takalman, ta yi ja wur da tsatsa, ya lanƙwasa ta da yatsu biyu ta karye.

“Kukan ba komai ba ne, ɗana. Yashi ne tsakanin ƙarfe da takalmi, ko ni aka zuba mini sai na yi ihu. Ga abin tsoron nan.” Ya ɗaga guntun wayar. “Da safe in ka fito daga ruwa, birkin yana kamawa a takun farko?”

Maigidana ya sunkuyar da kai ya ce sai ya ɗan buga shi tukuna.

“To wata rana za ka buga ya ƙi. A gangare, da mata da jarirai a baya. Zan gyara maka yau ta yi shiru. In ta sake shiga kogi kada ka dawo mini da ita.”

Ya yini a kanta. Ya wanke, ya goge cikin tambur ɗin da takardar yashi har ya yi sumul, ya sauya wayoyin da robobin da ruwa ya cinye. Da la'asar maigidana ya zagaya tasha da ita ya taka birki a gaban rumfar ƴan kamasho, ta tsaya cak ba ko tari. Suka ce amarya ta tsufa. Washegari ya bi ta shinge, babban jandarman ko ɗaga kai bai yi ba. Hajiya ta aiko mini da turmin atamfa. Kowa ya ce an huta.

A gida ne ba a huta ba. Da asuba Baba ya riga ya sa hularsa yana jira. Maigidana ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin ya ce yau akwai sammakon lodi, gobe in Allah ya so. Gobe ta zo ya ce taya ce ta yi faci. Ƙaton mutum mai gemu, ya kasa haɗa ido da mahaifinsa, yana fita kamar ɓarawo.

Da yamma na kai wa Baba ruwan alwala, daidai lokacin motar ta shigo lungunmu ta tsaya. Sai ƙarar murfin ƙofa kawai muka ji. Baba ya karkata kai.

“Ɗiyata, motar ta warke?”

“Ta warke, Baba.”

“Mi ya same ta?”

Ni ban iya yi masa ƙarya ba. Na ce yashi ne ya shiga ƙafafunta.

“Yashin ina?”

Na duƙa na gyara zaman buta. Ya gyaɗa kai, ya ce, “Na san shi.” Can kuma ya ce in gaya wa ɗansa ya daina wahalar da kansa, shi dama ya gaji da kogin, sanyin ruwan yana sa masa ciwon ƙafa. Ya cire hular da hannunsa mai lafiya ya tura ta ƙarƙashin matashi.

Maigidana ya durƙusa a gabansa ya ce ai ba sai motar ta shiga ruwa ba, zai tsayar da ita a tudu ya goya shi zuwa bakin kogin, ba nisa. Ban taɓa ganin fuskar Baba ta yi irin abin da ta yi ba. Ya yi magana da Dendi, da sauri, ban kama duka ba, amma na ji inda ya ce shi da ya koya wa mutanen nan tsayuwa a jirgi ba za a wuce da shi ta gabansu a goye kamar jariri ba. Daga ranar furar ta koma dawowa yadda na kai ta.

Sai wata safiya na ji ana jawo motar da baya zuwa ƙofar zaure. Na fito da zani a hannu na tsaya a bakin ƙofar. Maigidana ya ce in matsa, sau ɗaya ne kawai, kuma ba zai zurfafa ba. Na ce ba sau ɗaya ba ko rabi. Na ce ya tuna wayar nan da ta karye a hannun tsoho kamar tsinke, ya tuna matan Tanda da suke ɗora masa ƴaƴansu, in kuma bai tuna su ba ya tuna nasa ƴaƴan da makullin Hajiya. Ya ce mini, “Ke ba ubanki ne ba.” Maganar ta soke ni, na ce masa ai shi ya sa nake iya ganin abin da shi ba ya gani. Ya zauna a dakalin zaure ya rufe fuska da hannu. Har yau ban ga laifina a tsayuwar nan ba, amma na shiga madafa na yi kuka mai isata, domin na san Baba yana ji, kuma ni ce na tare masa hanyar kogi.

Kifin da nake soyawa a mashigi nake sarowa, wurin wani tsohon masunci abokin Baba tun na ƙuruciya. Ran nan yana zuba mini ƙarfasa a kwano ya dubi idona ya ce, “Ina tsohon banzan nan? Ko ya yi fushi da mu?” Na ajiye kunya na gaya masa komai, tun daga katantanwa har zancen goyo. Ya ci gaba da zaɓen kifinsa kamar bai ji ba. Sai da na ɗora kwanon a ka ya ce, “Ku kawo shi gobe.”

Na ce ai ya rantse ba za a gan shi a goye ba.

“Wa zai gan shi? Mu aiki gare mu. Ki ce masa ruwa ya rikice muna, yara suna ta zuba taru inda babu komi, shi kuma yana kwance yana cin tuwon banza.”

Na isar da saƙon yadda aka ba ni shi, har da tuwon banzan, ina sunkuye. Baba ya ja tsaki ya ce mutumin nan tun yana yaro bai san ruwa ba. Bai ce zai je ba. Amma da asuba da na leƙa, hular tana kansa.

Na bi su, ina zaune a gaban motar da kwanona. Maigidana ya tsayar da ita a kan tudu inda sauran direbobi ke tsayawa, ta tsaya shiru. Mashigin kuwa a cike yake maƙil, jirage sun dawo, ga masunta, ga mata masu wanki, ga ƴan sari irina. Maigidana ya ɗage tamfal ya juya baya ya durƙusa. Baba ya daɗe yana kallon taron. Sannan ya ɗora hannunsa mai lafiya a kafaɗar ɗansa.

Ban ji wanda ya ba da umarni ba. Na dai ga tsohon masuncin ya juya ya fuskanci kogi ya kama warware tarunsa, na kusa da shi ma ya juya, sai na gaba. Masu wanki suka duƙufa a kan duwatsunsu. Wata mata ta kama kan ɗanta da tafin hannu ta juya shi wajen ruwa. Duk mashigin ya zama bayan riguna da ƙeyoyi, kuma ba su yi shiru ba, sai ma suka ɗaga murya suna gardama a kan kuɗin zare da wanda ya taka wa wani komar kamun kifi. Maigidana ya gangara ta tsakiyarsu da mahaifinsa a baya, shanyayyar ƙafar tana reto, babu ido ɗaya a kansu sai nawa, ni ma da na farga na mai da nawa cikin kwano.

An riga an jawo wani jirgi an kafe gindinsa a yashi, an shimfiɗa buhu a bakinsa. A nan ya zaunar da shi, ya gyara masa riga da hula, ya saukar masa da ƙafafu cikin ruwa, ya ja da baya. Baba ya rufe ido. Ina ganin yatsun ƙafarsa ta dama suna motsi a cikin yashin.

Sai a lokacin tsohon masuncin ya waigo, ya buɗe baki kamar wanda ya yi mamaki.

“A'a! Kai kuma yaushe ka zo? Ko motarku ba mu ji ba.”

Baba ya buɗe ido, ya dube shi, ya dubi sauran da suka fara juyowa ɗaya bayan ɗaya suna gaishe shi.

“An gyara ta,” ya ce.